Ciyawar da Baba Sanda Ya Hana a Ƙona

Akwai wani dattijo a Katabu, Baba Sanda, da ya shekara ashirin da biyu yana kula da lambun tumatir na Alhaji Maliki. A gefen lambun ya bar wani layin ciyawa. Ba ya nome ta, ba ya bari a sa mata wuta. Cewa yake nan ne gidan masu gadinsa.

Masu gadin nan ƙwari ne. Akwai mai dogon baki kamar allura, wanda ke soke tsutsa ya zuƙe ta, ya bar fata. Akwai wani ƙuda mai gemu da ke cafke fara tana cikin tashi. Baba Sanda kan tsuguna ya yi ta kallonsu, ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya ba kowa aikinsa."

Da Alhaji ya rasu, lambun ya koma hannun ɗansa Nuhu, ma'aikacin ofis. Wata Asabar ya zo zagaye da abokansa biyu. Ya ga mai dogon bakin a kan ganye, ya kamo shi da yatsu don ya nuna musu. Ƙwaron ya soke shi. Nuhu ya kurma ihu yana yarfa hannu, abokan suka bushe da dariya.

Dariyar nan ta fi masa cizon zafi.

"Kai tsoho! Ashe kiwon mugayen ƙwari kake mana a nan?"

"Yi haƙuri, Alhaji ƙarami. Ba ya taɓa mutum sai an matse shi. Su ne ke cinye mana tsutsa."

"Rufe mini baki. Ungo ashana."

Baba Sanda ya dubi ashanar, ya dubi mutumin da ya sha ɗauka a kafaɗa yana ƙarami.

"Don girman Allah ka bar su. Mahaifinka bai taɓa..."

"Mahaifina yana kabari. Da hannunka za ka kunna."

Baba Sanda ya ƙyasta. Rani ne, ciyawar ta kama nan take. Yana jin fashewar ƙwarin cikin wutar, ƙas-ƙas, abokan kuwa suna ɗaukarsa hoto a waya. Nuhu ya ce kafin la'asar ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki butarsa. Haka ya tafi gidan 'yarsa Harira a Mando, ko sallama ba a yi masa ba.

Sati biyar tsakani, tsutsa ta sauka. Aka yi feshi har sau uku, amma ta riga ta shige cikin 'ya'yan tumatirin, inda magani ba ya kaiwa. Duk wanda aka fasa, sai ruɓa da wari. Ko kwando ɗaya bai kai Babbar Kasuwa ba.

Nuhu ya zo Mando, ya tarar da tsohon a zaure ya rame, carbi a hannu. Ya tsuguna.

"Baba, ka yafe mini. Ka dawo ka ceci abin da ya rage."

Baba Sanda ya ajiye carbinsa.

"Na yafe maka, Nuhu, duniya da lahira. Amma ni ban taɓa kashe tsutsa ba. Masu aikin, ka sa na ƙone su da hannuna. In na dawo, wa zan kira?"

Darasi: Allah bai halicci komai a banza ba, ko ƙwaron da ya cije ka. Kada jin kunyar minti ɗaya ya sa ka wulaƙanta babba, ka rusa abin da aka shekara ana tattali. Ana samun yafiya, amma abin da ya ƙone ba ya dawowa. 'Yan'uwa, ku tura wa na kusa da ku, ku karanta wa 'ya'yanku.