Rigar da ke Hannun Sarkin Fawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da sunansa ya kuɓuce wa masu ba da labari, amma labarin bai kuɓuce ba. Sunan mutumin Nomau. Sana'arsa tufkar igiya: ya jiƙa rama, ya ɓare, ya zauna a zaurensa yana murzawa a cinya. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, Allah kuma bai ba shi haihuwa ba. Don haka ma aka damƙa masa alƙalancin kokawar yara, aka ce wanda ba shi da ɗa a fili ba zai karkata ba.

A garin nan, idan kaka ta yi aka killace amfanin gona, yaran unguwar Gabas da na unguwar Yamma sukan taru bayan la'asar su yi kokawa. Wasan yara ne. Ku saurara, na ce wasan yara ne. Amma iyaye suka ƙwace shi ya zama nasu. Yaro ya sha kaye a fili, ya je gida ya sha duka. Yaro ya yi kaye, ubansa ya cika kasuwa da gori. Wata shekara har manya suka zari sanduna, aka fasa wa wani kai.

Mai gari ya kira Nomau ya ce, "Bana ce ta ƙarshe. Idan babba ya sake ɗaga sanda a kan wasan yara, zan rufe filin, in sa a shuka rogo a ciki."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yardar mini abu biyu. Na farko, zan kewaye fili da igiya, babba ba zai tsallake ta ba sai an gama karo. Na biyu, duk uban da ɗansa zai shiga, shi zai riƙe rigar abokin karon ɗansa, da ƙwaryar ruwa. Idan an gama, ko yaron ya kayar ko an kayar da shi, shi zai kaɗe masa ƙasa, ya shayar da shi, ya sa masa riga. Nasa kuwa ba ruwansa da shi sai sun isa gida."

Da aka yi shela, mutane suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Wato in yi wa ɗan wani barantaka, nawa yana kallo?"

Nomau ya ce, "Iyayenmu ko sunan ɗan fari ba sa kamawa, don kunya. Mu kuwa kirari muke masa a bainar jama'a. Ba sabon abu na kawo ba, tsohon ne na tono."

Aka fara haka, ana gunaguni ana bi, har ranar ƙarshe ta zo. Yara biyu suka rage: Tunau, ɗan Sarkin Fawa na unguwar Gabas, da Barmo, ɗan wani mai faskare na unguwar Yamma da ake kira Cindo.

Da hantsi sai ga Sarkin Fawa a zauren Nomau, da cinyar rago naɗe cikin ganye. Ya ajiye ya ce, "Ga ɗan abin miya. Na ji an ce idonka ya fara rauni, Nomau. In gwiwar yaron nan nawa ta ɗan shafi ƙasa, ba lallai ne ka gani ba."

Nomau ya ce, "Gaskiya ne, Sarki, zura zare a allura yana ba ni wuya yanzu. Amma gwiwa ta fi kafar allura girma."

Sarkin Fawa ya ce, "Ka dai ci nama."

Nomau ya ce, "Za a ci, in Allah ya yarda." Ya ba matarsa ta dafa, aka raba wa yaran fili kaf, Tunau ya sami tsoka ɗaya kamar kowa.

La'asar ta yi, gari ya taru, dogarin mai gari yana tsaye a gefe yana kallo. Sarkin Fawa ya karɓi rigar Barmo da hannun hagu, yana riƙe da ita kamar tsumman jima. Cindo ya karɓi ta Tunau, ya ninke, ya ɗora a kafaɗa. Aka kaɗa ganga, yara suka sarƙe. Doka a filin ita ce wanda gwiwarsa ko hannunsa ya fara taɓa ƙasa shi aka kayar. Can Barmo ya sa ƙafa, gwiwar Tunau ta dangwali ƙasa, ya zabura ya miƙe, ya sunkuci Barmo ya maka shi da ƙasa. Mutanen Gabas suka ɗauki sowa. Nomau ya taka a hankali, ya tayar da Barmo, ya ɗaga hannunsa sama.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin jarrabawa.

Sarkin Fawa ya tsallake igiya, ya zo ya wanke Nomau da mari, marin mahauci, har jini ya fito masa a baki. Mutanen Yamma suka miƙe gaba ɗaya, suna zarar itace daga danga. In sanda ɗaya ta ɗagu, fili ya tafi. Nomau ya san haka. Bai taɓa kuncinsa ba, ya juya ya fuskance su.

Ya ce, "Kuncina ne, ba na unguwa ba. Wanda ya mare ni na yafe masa. Wanda zai tsallake igiyar nan saboda ni, shi ne ban yafe wa ba."

Suka tsaya cak. Sai ya juyo ga Sarkin Fawa, muryarsa ba ta ɗaga ba, ya ce, "Sarki, hannun dama ya gama aikinsa. Saura na hagu. Ga yaro can tsaye ba riga, kuma rigarsa amana ce a wurinka."

Sarkin Fawa ya dubi hannunsa, ga riga nan, ya manta da ita. Ya ɗaga kai yana neman ɗansa, sai ya hango shi a bakin igiya. Cindo mai faskare ya durƙusa a gabansa yana wanke masa gwiwa da ruwan ƙwarya, yana cewa, "Kai, yaro, wannan sunkuta taka, ko ni ka yi wa sai na kwana ina gasa baya. Baɗi ka tsare ƙafar hagu kawai, babu mai kai ka ƙasa."

Tunau yana dariya, ya ce wa Cindo, "Baba, wallahi ta taɓa. Na ɗauka ba a gani ba ne."

Kowa ya ji, don fili ya yi tsit. Maganar da yaro ba zai iya faɗa wa ubansa ba don tsoro, ya faɗa wa uban abokin karonsa yana dariya.

Sarkin Fawa ya taka zuwa wurin Barmo, ya kaɗe masa baya, ya ba shi ruwa, ya zura masa riga. Bai tsaya nan ba: ya ɗauke shi ya aza a wuyansa, ya ce wa makaɗi, "Kaɗa wa ɗan Cindo." Ya kewaya fili da shi, Gabas da Yamma suna biye da shi, an zubar da itacen danga a ƙasa. Da ya zo gaban Nomau ya sauke yaron, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ga kunci, Malam Nomau, rama."

Nomau ya ce, "Ramar da na sani ta igiya ce, Sarki. Je ka, yara na jiran kiɗa."

Dogari ya koma ya shaida wa mai gari babu sandar da ta ɗagu. Ba a shuka rogo a filin ba. An ce jikokin waɗannan yara ma a nan suka yi kokawa, kowane uba riƙe da rigar ɗan wani.

To, jama'a, ga abin da ke cikin labarin, kuma yana yi mini nauyi duk lokacin da na wuce filin ƙwallon yaranmu da yamma na ji abin da ke fitowa daga bakin manya. Son ɗa halitta ce, amma son da ke sa ka zagi alƙalin wasa, ka tsare mai horarwa, ka hana ɗanka sakewa a gida don an ci su, wannan ba son ɗa ba ne, son kai ne ya ari rigarsa. Haƙurin mutum ɗaya ya tsare wa gari guda filinsa, kuma adalci ga ɗan wani shi ne kariyar naka. Kowannenmu, ni da ku, akwai rigar ɗan wani a hannunsa, kuma za a tambaye mu yadda muka mayar da ita. Idan kun je fili, ku tsaya bayan igiya. Ku yaba wa yaron da ya ci naku. Naku kuwa ku bar shi ya dawo gida ba tare da fargaba ba. Allah ya ba mu haƙurin Nomau, ya kuma ba mu kunyar da ta komo wa Sarkin Fawa tun rana ba ta faɗi ba.