Famfon Da Badaru Ya Ƙwanƙwasa

Akwai wani bakanike a unguwar Hindawiyya ta Jidda, ana ce masa Badaru. Jama'a, in dai tsohuwar mota ce, mutumin nan gwani ne, wannan kam ba mai musu. Aibinsa ɗaya: bakinsa bai san "ba zan iya ba".

Umara ta kawo shi shekaru da dama da suka wuce, ya yi zamansa, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya masa. Daga ɗakinsa sai garejin da yake aiki, duk ta cikin lunguna. Babban titi kuwa ko a mafarki ba ya hawa, don tsoron 'yan sanda masu tambayar takardu.

Wata rana wani magidanci mai suna Muath ya zo ya ɗauke shi zuwa gidansu a unguwar Safa. Muath haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya yaye tamfol, sai ga wata koriyar mota ƙirar turawan da, mai kujera biyu, ba rufi. Ta mahaifinsa ce, Alhaji Isha'aku, ta daɗe a ajiye.

Aka turo tsohon a keken marasa lafiya. Ya rame ƙwarai, likitoci sun riga sun ce a mai da shi gida. Ya kama hannun Badaru ya ce, "Ɗana, ina yaro jirgin ruwa ya sauke mu a tashar garin nan, ni da mahaifiyata. Ba ta koma gida ba, nan aka binne ta. Kwanan nan kullum sai na gan ta a mafarki, tana tsaye bakin ruwa da ƙunshin kayanta a ka. So nake in ga wurin ko daga nesa ne, kuma a cikin motata."

Badaru ya ce, "Baba, ka ɗauka ka je ka dawo."

Ya sa sabon batir, ya zuba mai, ya murɗa makulli. Irin waɗannan motoci, kafin inji ya tashi sai ka ji famfon mai yana tik-tik-tik daga baya, wajen tanki. Wannan kuwa shiru. Ya cire tiyon da ke kai mai kafireta, ya zura a kwalba, ko ɗigo babu. Sai ya kwanta ƙarƙashin motar ya ƙwanƙwasa famfon da sifana. Nan take ya fara tik-tik-tik, mai ya zubo, inji ya tashi. Allah sarki, tsoho har da hawaye.

To ga inda gizo ke saƙar. Badaru ya sani sarai, famfon da aka tasa da duka yakan yi aiki yana sanyi, in ya ɗau zafi ya tsaya. Ba a gane gaskiyarsa sai an yi doguwar tafiya a babban titi.

Muath ma ya tambaya, yana kiransa ammi, wato baffa: "Ya ammi, mu canja shi? Ko ka fita da ita, ka gwada shuwayya, ko kaɗan ne?"

Badaru ya tuna 'yan sandan babban titi. Ya fita ina? Abin da ya kamata ya ce bai da wuya: "Ba ni da takardu, kai ka ja, ka yi nisa da ita ka dawo." Amma yaya zai buɗe baki ya faɗi haka a gaban ɗan da aka haifa da takardunsa? Sai ya goge hannu ya ɗaga murya.

"Kai Muath, tun kana rarrafe nake wannan aiki. Ka ji ƙararta ai. Halas, ta gyaru."

Washegari bayan la'asar Muath ya ɗauki mahaifinsa suka kama hanyar tasha. Ba su kai rabi ba mota ta shaƙe, ta mutu a gefen titi. Ga zafin Jidda, ga mota ba rufi, ga tsoho mara lafiya. Kafin a sami tasi ya suma. Aka mai da shi gida bai ga ko ƙyallin ruwa ba.

Motar kuwa aka jawo ta garejin Badaru. Muath bai zage shi ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ga ta nan, ya ammi." Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Badaru ya bi masu sayar da tsofaffin kayan mota, da ƙyar ya sami wanda zai kawo masa sabon famfo, aka ce sai ya jira kwanaki. A kwanakin nan ne abin ya fara.

Yana cikin aikin wata mota da rana tsaka sai ya ji tik-tik-tik daga wajen koriyar. Ya je ya duba, batir a cire yake. Ya koma aiki, ya sake ji. Ya tambayi abokan aikinsa, suka ce su ba su ji komai ba. Kujerar da tsohon ya zauna a kai ta lotsa, ta ƙi komawa daidai, kuma ƙamshin turarensa bai bar ta ba. Har a sujada ƙarar ba ta ƙyale shi. Abinci ya gagara. Ya sha ɗaukar waya zai tambayi jikin Alhaji, kunya ta sa ya ajiye.

Ranar da famfo ya iso, ko shayi bai sha ba. Ya cire tsohon famfon, ya wanke tanki, ya canja matatar mai, ya ɗaura sabon. Ya zura tiyo a kwalba, mai ya zubo da ƙarfi ba yankewa. Ya bar inji ya ɗau zafi, ya sake gwadawa. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya shiga, ya yi bisimilla, ya hau babban titi da kansa.

Gumi ya jiƙe masa riga. Can gaba ya hango motar 'yan sanda a tsaye. Ya ce shi ke nan, yau sai Najeriya. Ya wuce ta gabansu, ko ɗaga kai ba su yi ba. Mota kuwa lafiya lau, har Safa ba ta yi tari ba.

Yana karyo kwanar layin sai ya ga ana jera kujeru sahu-sahu a ƙofar gidan, wasu na rataya fitilu. Duk wanda ya zauna Jidda ya san abin da wannan yake nufi: zaman makoki ne.

Ya kashe mota, ya kasa fitowa. Muath ne ya tako, idanunsa jajir, ya dafa ƙofar.

"An binne shi bayan azahar," in ji shi. Ya ci gaba yana lalubo kalmomin Hausa. "'Yan'uwana sun so a kai shi da wata mota, ko a kira wani bakanike. Baba ya ƙi. Ya ce, 'Badaru ɗan gida ne, ya ce zan je in dawo. Zan jira shi.' Kullum da safe sai ya tambaya ko ka zo. Ya jira ka, ya ammi."

Badaru ya kifa kansa a kan sitiyari, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Jama'a, in akwai abin da ba za ka iya ba, ka faɗa tun da wuri, ko da kunya za ta kama ka. Kunyar ta ɗan lokaci ce, amma wanda ya amince da kai zai gina sauran kwanakinsa a kan maganarka, kuma ba kowa ne ke da lokacin jiran gyara na biyu ba. Ku tura wa masu sana'a da duk wanda aka damƙa wa amana. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya.