Ranar da Kurege Ya Kasa Kiran Talle

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, ku bar tsokanar wutar nan.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara bayan girbi, mafarauta suka cinna wa daji wuta. Da ta mutu, Kurege ya fita cikin toka yana neman gyaɗar da aka gasa masa kyauta. Yana tono, yana tono, sai ya tono ramin ɓeran daji. Uwar tana kwance a bakin ramin, ta toshe ƙofa da jikinta, hayaƙi ya gama da ita. A bayanta ga jariri ɗaya, jawur, ba gashi, ido bai buɗe ba, tsawonsa bai kai kwanson gyaɗa ba.

Kurege ya ce Allah ya jiƙanta, ya juya zai tafi. Sai ya tuna al'adar dajin: duk wanda ya ɗauki riƙon maraya, maƙwabta ne ke ciyar da gidansa har ranar yaye. Nan take tausayi ya kama shi. Ya ɗauki jaririn, ya bi gida-gida yana kuka da ido ɗaya, ɗayan yana leƙen rumbuna.

Inna Bushiya, ungozomar daji, ta juya yaron a tafinta, ta sa masa suna Talle, don haka ake kiran wanda uwa ta bari a tsumma. Ta dubi Kurege ta ce, "Kai gwauro, ka san riƙo kuwa? Wannan ba ya sha da ƙoƙo. Tsinken ciyawa za ka tsoma, ɗigo-ɗigo. In ya sha ka shafa masa ciki. In ka bari ya yi sanyi, ya bi uwarsa."

Barewa ta ɗauki nauyin nono, ƙoƙo guda kowace safiya. Kurege ya tsoma tsinke sau uku, ya kafa kai ya shanye saura, ya lashe baki ya ce, "Ɗigo na maraya, ƙoƙo na mai riƙo." Gobe ma haka. Jibi ma haka. Ɗigo na maraya, ƙoƙo na mai riƙo.

Amma maraya bai san da wannan rabo ba. In ya ji yunwa sai ya yi tsuwa, 'yar siririya, har cikin haƙoran Kurege. In ya ji sanyi babu inda yake yarda sai cikin wutsiya. Wutsiyar nan kuwa da ita Kurege ke yanga a dandali, ga ta ta zama zanen goyo. Wata rana cikin yaron ya kumbura, Kurege ya ruga gidan Inna Bushiya da gudu, har ya wuce gonar gujiya bai tsaya ba. Shi kansa abin ya ba shi mamaki. Ɗigo uku ya zama bakwai, bakwai ya zama rabin ƙoƙo. Kurege ya ce ai dabara ce, kada mai jawo abinci ya mutu. Ran kwana goma sha huɗu Talle ya buɗe ido, abin da ya fara gani a duniya shi ne fuskar Kurege, da nono a gashin baki.

Ranar yaye ta zo. Maƙwabta suka aiko da ƙwaryar gyaɗa, ta Talle ce, ita zai fara gwada haƙori da ita. Kurege ya san daga ita an rufe. Kafin jama'a su taru ya cusa a kumatun dama, ya cusa a na hagu, ya cusa har leɓe ya ƙi haɗuwa da kyau. Bai kai ga ɓoyewa ba sai ga sallama.

Jama'a ne, da Inna Bushiya a gaba, da wani baƙo a baya. Muzurun daji ne, ya sha rawani. Ya ce shi kawun yaron ne, ya zo ɗaukar ɗan 'yar'uwarsa. "Ni da marigayiya rumbu ɗaya muka tashi," in ji shi. "Duk inda ta sa ƙafa ina biye da ita."

Inna Bushiya ta ce to, kowa ya kira yaron da sunansa a ji. Muzuru, da ya riga ya tambayo sunan a hanya, ya miƙe wuya. "Talle, Talle, zo wurin Kawu." Yawu ya ɗiga a kan rawani.

Aka juyo ga Kurege. To fa. In ya buɗe baki gyaɗa ta zubo, a ce ga mai cin abincin maraya, a ƙwace yaron. In ya yi shiru, a ce bai san sunan ba, a ƙwace yaron. Talle ya lafe cikin wutsiya, zuciyarsa na bugawa, Kurege yana jin ta a jikinsa. Ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo, wannan karon daga ido biyu.

Muzuru ya yi dariya. "Kun gani? Ko sunan bai riƙe ba."

Inna Bushiya ta ce, "Baƙo, a wane gari ka taɓa jin uba ya kama sunan ɗan fari? Kunya ce ta rufe masa baki. Kawu kuwa sai in babu uba." Ta miƙe ƙayoyinta, Barewa ta buga kofato. Muzuru ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Da aka watse, tsohuwar ta raɓo kusa da kunnen Kurege ta ce, "Tofar da ita, uban Talle, kada ka shaƙe. Ka wanke masa kafin ya ci."

Ya tofar, ya wanke, ya zauna yana kallon yaron yana gurgura. Ya buɗe baki zai ce masa ya ci a hankali. Ga baki fayau, ba ko ƙwaya ɗaya, amma sunan ya tsaya a maƙogwaro. Ya sake gwadawa, ya ƙi fita. Sai ya kau da kai ya ce, "Kai yaron nan, ci a hankali." Har Kurege ya tsufa, haka yake kiransa.

Ƙurunƙus kan ɓe… a'a, yau ban da kan ɓera, da ƙyar aka raine shi. Ƙurunƙus kan Muzuru. In za ku saci gyaɗa, ku cika bakin sosai, wataƙila a ɗauke ku masu kunya.