Bulala Ɗaya ta Damo

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ke Tabawa, bar mintsinin ƙanenki ki saurara."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Damo ne, wanda namun daji suka naɗa sarkin haƙuri. Sharaɗi ɗaya suka kafa masa: ranar da ya ɗaga wutsiya ya doki wani, rawani ya faɗi. Shi kuwa yana son rawanin nan kamar ransa.

Dila ya ji labari, ya ce banza ta samu.

Ran farko ya tarar da shi yana shan hantsi a kan dutse. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tashi, wurina ne." Damo ya ce, "Duwatsu da yawa." Ya sauka.

Rana ta biyu ya kwashe farar da Damo ya wuni yana kamawa. Damo ya ce, "A ci lafiya." Ya kwana da yunwa.

Rana ta uku Zabuwa za ta rafi, ta ba Damo amanar 'ya'yanta bakwai. Sai ga Dila. Caraf! Ya cafke autan.

Damo ya ce, "Dila, ajiye shi, amana ce."

Dila ya ce ta tsakanin haƙora, "Sarkin haƙuri, sai haƙuri."

"Ajiye shi, in yi maka kamun fara wata guda."

"Fara ta ishe ni."

"Ajiye shi don girman Allah."

Dila ya fara danna haƙora. Tsako ya tsala ƙara.

Damo ya duba gabas, ya duba yamma, ba mai ceto. Ya shafa rawaninsa. Fau! Ya shauɗa wa Dila wutsiya a haƙarƙari. Dila ya wuntsila, tsako ya faɗo da ransa.

Namun daji suka taru. Zomo yana tsalle yana cewa, "Ƙara masa! Karya ɗan banza!"

Damo ya ce, "A'a. Tsako ya bar bakinsa. In na ƙara, ramuwar dutsena ce da farata, su kuwa na riga na yafe."

Giwa ta ce, "Sharaɗi dai sharaɗi ne." Ta sa hannu ta warware rawanin. Wallahi Damo sai da ya yi hawaye, ni ma har yau abin yana ba ni tausayi. Zabuwa kuwa ta dawo ta ƙirga 'ya'yanta, bakwai cif.

Shi ya sa in kun ga dila, za ku ga zane a haƙarƙarinsa, guda ɗaya, ba biyu ba.

To ku ji, 'yan nan. Wanda ya ci maka abinci, yi haƙuri. Wanda zai ci rai a gabanka, roƙe shi. In roƙo ya ƙare, doke shi. In ran ya kuɓuta, sauke hannu.

Ƙurunƙus! Kan ɗan ɓera ya fi ƙarfin tukunyata, kowa ya nemi tabarmarsa.