Cindo Mai Igiya da Sallau Ɗan Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanninmu, wani bawan Allah ana ce masa Cindo mai igiya. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Rama yake tukawa a zaurensa, ya kai kasuwa, ya ci abin da Allah ya ba shi.

Maƙwabciyarsa wata baiwar Allah ce, Tabawa, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Sallau. To, Sallau ba ya magana. Ba ya kallon mutum ido cikin ido, hayaniya tana sa shi toshe kunnuwa, in ka taɓa shi ba shiri sai ihu. Irin lalurar nan ce da yau ake kira galahanga. A lokacin ba ta da suna, sai a ce iskoki, a wuce.

Wata rana Sallau ya shigo zauren Cindo ya zauna a lungu. Cindo bai ce masa tashi ba, bai ce masa zo nan ba, ya ci gaba da tufkarsa. Gobe ya dawo, jibi ya dawo. A hankali ya fara ware masa zaren rama, dogo gefe guda, gajere gefe guda. A hankali Cindo ya gane yadda ake ba shi abinci ya ci, da yadda ake kwantar masa da hankali in ya rikice. Ku saurara, jama'a, shekaru aka yi ana wannan, har Sallau ya yi gemu.

Tabawa ta tsufa. Ran nan ta ce, "Malam Cindo, ni ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona ranar da babu ni babu kai, mari za a sa wa yaron nan a ƙafa."

Cindo ya ce, "Iya, da yardar Allah ba za a yi haka ba. Unguwa guda ba za ta rasa masu riƙe mutum ɗaya ba."

Sai ya shiga bin mutane. Bayan sallah ya tare mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a riƙa zuwa ana zama da Sallau, yau wannan gida, gobe wancan, ya saba da fuskokinku tun muna raye."

Mai unguwa ya ce, "Madalla, Cindo, Allah ya ba ka lada." Da yamma sai ga kwanon tuwo.

Ya je wa mahauci, sai ga kwano da nama. Ya je wa liman, sai ga addu'a da kwano. Kun san halinmu! In an aika da kwano, shi ke nan, an sauke nauyi. Cindo yana ta cewa, "Jama'a, ba tuwo na roƙa ba, zama na roƙa." Wasu har suka fara yi masa ba'a, suna ce masa uban mahaukaci. Shi kuwa sai ya ce, "Sallau ba mahaukaci ba ne, duniya ce ta yi masa ƙara da yawa." Bai yi fushi ba, bai daina roƙo ba.

Tabawa ta rasu. Cindo ya ɗauko Sallau ya riƙe. Damina biyu bayan haka, shi ma Cindo ya amsa kira.

Ranar zaman makoki zaure ya cika maƙil. Kowa da kyakkyawar niyya, wallahi, wannan ya kama hannun Sallau, wancan ya dafa kafaɗarsa, "Sai haƙuri, sai haƙuri." Sallau ya toshe kunnuwa, ya fasa ihu, ya ture wani dattijo ya faɗi. Kwanuka suka taru a gabansa, bai taɓa ko ɗaya ba. Kwana ya bi kwana yana ramewa.

Mai unguwa ya tara mutane, ya ce, "Wai ta yaya marigayi yake ba shi abinci ya ci? Wa ya taɓa gani?"

Babu wanda ya sani, domin babu wanda ya taɓa zama.

Da abin ya fi ƙarfinsu aka aika wa wani kawun Sallau a ƙauye. Ya zo da jaki, ya zo da maƙeri. Mutanen unguwa suna tsaye aka buga wa Sallau mari a ƙafa, suna hawaye, mai unguwa yana cewa, "Cindo ya gaya mana." Kaico! Da-na-sani ƙeya ce.

To, 'yan'uwa, sadaka tana da lada, amma kwano ba ya riƙe mutum, mutum ke riƙe mutum, kuma sabo ba a yin sa ranar makoki. A layinku akwai gidan da ake renon irin Sallau, kun san gidan, ni ma na sani. Uwarsa tana kwana da wannan tsoron. Kada ka aiki yaro. Ka tafi da ƙafarka, ka yi sallama, ka tambaye ta yadda ake zama da shi, sannan ka zauna, tun tana da ran da za ta koya maka. Allah ya sa mu gane.