Ƙarar da Kura Ta Kai da Mayafi a Baki

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, mu ƙara da dariya.

Kura ce haƙoranta suka zube sarai, ta ɓoye wa duniya. Ta sami Dila ɗan kasuwa, ya ce zai kawo mata na ƙarfe daga birni. Ta ba shi tinkiya kafin alƙalami. Kasuwa ta ci sau bakwai, kullum sai ya ce, "Kaya na hanya, ranki ya daɗe."

Da ta gaji, ta kai ƙara wurin Bunsuru Sarkin Kasuwa, ta toshe baki da mayafi.

Bunsuru ya ce, "Baiwar Allah, wane kaya kika saya?"

Ta ce, "Kaya ne dai na gida."

Dila ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ta sauke mayafi ta faɗi sunan kayan, yanzu in biya."

Kura ta dubi taron jama'a, ta tuna tinkiyarta. Ta sauke mayafi ta ce, "Haƙoya." Ga dasashi a fili, ko ɗan tsinke babu.

Aka sa Dila ya mayar da tinkiya, aka ƙwace rumfarsa.

Kura ta ja igiya, kanta a ƙasa. Tinkiya ko turjewa ba ta yi ba, tana biye tana cewa, "Sannu Iya, in mun isa ni zan dama miki kunu."

Ƙurunƙus kan kusu, wanda ya ce ƙarya ce ya je ya leƙa bakinta.