Duwatsun Murhun Tabawa

Dalilin da ya sa dutse ba ya motsi sai an tura shi, yara, ya samo asali ne daga wani ƙauye na bakin gulbi. Sunan ƙauyen ya kwanta mini, amma matar da abin ya faru a kanta ina tune da ita, Tabawa.

A wancan zamani kowane abu yana tafiya da kansa. Tulu yakan je rijiya ya dawo cike, turmi yakan koma inuwa in rana ta yi zafi. Mutane sun saba, har ba sa kallo.

Sai 'yar Tabawa, Hanne, ta zo gida haihuwa. Ta sauka lafiya, amma sanyi ya kama ta, ba abin da take bukata kamar ruwan zafi na wankan jego. Tabawa ta ɗora babbar tukunya, ta hura wuta. Da duwatsun murhu suka ji zafi, sai suka kama hanyar gulbi shan iska. Tukunya ta kife, wuta ta mutu. Washegari ma haka. Hanne kuwa tana ɗaki tana rawar ɗari, ko jaririnta ba ta iya ɗauka.

Tabawa ta bi babban dutsen, ta tarar da shi a bakin ruwa. Haushi ya sa ta shure shi. Ba ta ji ciwo ba, don a lokacin abin da aka buga ba ya ramawa.

"Iya, da ƙafa ake gaisuwa a gidanku?" in ji dutsen.

Kunya ta kama ta, ta durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri. 'Yata ce za ta mutu. Ku zauna mini ruwa ya tafasa."

Dutsen ya daɗe yana tunani. Ya ce, "Zama ba ya yiwuwa rabi da rabi. In mun zauna, duka za mu zauna, har tulunki. Kuma wanda ya bar tashi da kansa ya bar tsayawa da kansa. In kun gangarar da mu, sai abin da ya tare mu."

"Na yarda."

"Saura shurin nan. Daga yau wanda ya buge mu, mun buge shi daidai, ba ƙari ba ragi."

Tabawa ta dubi tulunta da ke wucewa shi kaɗai, ta tuna nisan rijiya da ciwon bayanta. Ta kuma tuna Hanne. Ta ce ta yarda.

Nan take tulun ya tsaya cak. Dutsen ma sai da ta tura shi har gida, tana nishi, don mai nauyi ne. Ruwa ya tafasa, Hanne ta yi wanka, ta warke.

Shi ya sa har yau, in ka yi tuntuɓe da dutse yatsanka ne zai gaya maka, in kuma dutsen ya gangaro daga tudu, roƙo ba ya tsayar da shi. Tabawa dai ta ƙare rayuwarta tana ɗaukar tulu a ka, jikanta yana biye da ita, kuma ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba.